Igiyar guga ta tsinke

Da sassafe Rabi ta tafi rijiya tare da ƙanenta Sani. Ta zura guga, ya cika, ta jawo shi sannu sannu har ya fito. Sani ya karɓi igiya, yana gaggawar tafiya makaranta. Da guga ya rabu da ruwa, sai ya fizge shi da ƙarfi. Igiya ta tsinke, guga ya koma cikin rijiya. Ran nan sai da aka aro ƙugiya kafin a ɗora tukunya a gidansu.

Gugan bai sake ba, igiyar ma ita ce. Me ya sa ta tsinke a hannun Sani?

Ƙasa tana jan kowane abu zuwa gare ta. Wannan ja shi ne nauyi. Ana auna shi da niyuton. An ɗauko sunan daga Niyuton, masanin ƙasar Ingila wanda ya bayyana dokokin motsi a shekara ta 1687. Ƙasa tana jan kilo 1 da ƙarfin wajen niyuton 10. Litir 1 na ruwa kuwa kilo 1 ne.

Gugan su Rabi yana cin litir 10, shi kansa kilo 2 ne. Duka kilo 12 ke nan.

12 × 10 = niyuton 120

Idan guga yana hawowa ba ya ƙara sauri, niyuton 120 ke kan igiya. Amma ƙara wa abu sauri yana bukatar ƙarin ƙarfi. Ana samun ƙarin in aka ninka yawan kilo da saurin da ya ƙaru cikin sakan 1.

Da Sani ya fizga, cikin sakan 1 saurin guga ya ƙaru da metir 5 a sakan.

12 × 5 = niyuton 60
120 + 60 = niyuton 180

Igiyar ta tsufa, ba ta iya ɗaukar fiye da niyuton 150. Dole ta tsinke.

Abin riƙewa

Fizga tana ɗora wa igiya ƙarfin da ya fi nauyin kaya.

Tambayoyi

1. Wasaki cike da ruwa kilo 40 ne. Niyuton nawa ne nauyinsa?
2. Tsohuwar igiyar su Rabi tana iya ɗaukarsa?
3. Da saurin guga ya ƙaru da metir 2 kawai cikin sakan 1, igiyar za ta tsinke?