Yadda Za Ka Zaɓa Wa Ɗanka Littafin Hotuna

Jama'a, kowa ya san yaro yana bukatar nono, da kunu mai kyau, da rigakafi, da gidan sauro. Amma akwai abu guda wanda iyaye da yawa ba su lissafa shi cikin sha'anin lafiya, watau hira da yaro. Likitoci sun auna, sun ga kafin yaro ya cika shekara 5 ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babban mutum. A cikin shekarun nan ne take ɗaukar magana da lura. Littafin hotuna kuwa hanya ce mai sauƙi ta buɗe hirar nan.

Kada wani ya ce wannan zancen 'yan boko ne kawai. A 1986 da 1987, a birnin Kingston na ƙasar Jamaika, likitoci sun tara yara 129 waɗanda ƙarancin abinci ya tsumburar, masu wata 9 zuwa wata 24. Waɗansu daga cikinsu aka riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya har gida, sau ɗaya a mako, har shekara 2. Tana koya wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, da kayan wasa irin na gida da littattafan hotuna. Bayan shekara 20 aka koma aka nemo su. Sai aka tarar waɗanda aka yi wa ziyarar nan, abin da suke samu a wurin aiki ya fi na sauran da kimanin kashi 25 cikin 100.

To, ina za a samu littafin?

Mai gida, ran da ka shigo birni sayar da amfanin gona ko sayayyar salla, ka ratsa Kasuwar Kurmi. Kasuwar nan tana ci tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, akwai kuwa rumfunan masu sayar da littattafai a cikinta. Gaskiya ita ce yawancin hajarsu littattafan addini ne da na manya, na ƙananan yara da Hausa ba su da yawa. Saboda haka sai ka tambaya da suna. Ka tambayi Ka Koyi Karatu, wanda ake bugawa a Zariya, mai hotuna da gajerun kalmomi. Ka tambayi Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, mutumin Kano, wanda aka fara bugawa a 1971. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, ya yi wa ƙaramin yaro nauyi. Amma kana iya karanta labari guda da kanka, da dare ka ba shi a taƙaice, ka nuna masa zanen.

A shagunan Sabon Gari ana samun littattafan Turanci, sababbi da na gwanjo. Ba laifi, tun da hoton za a kalla. Sai dai ka buɗe ka duba kafin ka biya. Littafin da ya cika da dusar ƙanƙara da dabbobin da ko kai ba ka taɓa gani ba, me za ka ce wa yaro a kansa? Wanda ke da akuya, da jaki, da kaza, da tulu, da mace tana daka, ya fi shi amfani nesa. Yaro yakan fara da abin da ya sani, sa'an nan ya tafi ga wanda bai sani ba.

Ga ɗan da bai kai shekara 2 ba, a nemi mai hoto guda babba a kowane shafi, mai takarda mai kauri. Lalle zai kai shi baki, haka yara suke. Don haka a guji wanda aka ɗaure da 'yar waya mai tsini, da wanda launinsa ke zuba in ka goga da jiƙaƙƙen yatsa, da tsohon da ya yi fumfuna. Ɗan shekara 3 zuwa 5 kuwa labari yake so, mai farko da ƙarshe, irin na Gizo da Ƙoƙi. In ya ce a sake masa shi sau goma, a sake. Da haka kalmomin ke zama.

Wanda ke da babbar waya, akwai wurin da ake kira African Storybook a intanet, wanda aka buɗe a 2014 daga Afirka ta Kudu. Akwai labarun Hausa masu hotuna a ciki, kyauta. Abin da ya fi shi ne a kai shagon buga takardu a fitar da su, ba a danƙa wa yaro wayar ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce sa'a guda a yini. Ta ce a yi masa karatu da tatsuniya a maimakon haka.

In kuwa babu kuɗi, uwar gida, ki yi naki. Ki nemi kwali mai tsabta, ki yanka shi gida shida ko takwas. Ki yanko hotuna daga tsohuwar kalanda ko jarida, ki manna da ƙaro, ki ɗinke gefe da allura da zare mai ƙarfi. A kula ƙwarai: takardar da ke ɗauke da aya ko sunan Allah ba a yanka ta, ba a kuwa ba jariri ita. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da hoton mai rai ba, ga itatuwa, ga fartanya, ga mota, ga Dutsen Dala. In an gama kallo a sa littafin cikin kwalla a rufe, don gara da ɓera.

Ba sai kin iya karatu ba. Ki wanke hannunki da nasa, ki ɗora shi a cinya, ki buɗe. Ki nuna ki ce, "Ga akuya. Yaya take kuka?" Sa'an nan ki yi shiru ki jira shi. Jiran nan shi ne rabin aikin, gama yawancinmu mukan yi gaggawar amsa wa yaro tambayar da muka yi masa. In ya ce "kuya", ki ce, "I, akuya ce, ja, tana cin ganye." Kada a buge shi don ya yi kuskure ko ya yaga shafi, wannan ba makaranta ba ce. Minti 10 bayan sallar magariba ya isa, muddin ana yi kullum.

Mun san al'adar kunyar ɗan fari. Wata uwar ba ta iya zama ta yi raha da shi a gaban mutane. To, kada a bar shi haka nan. Kakarsa, ko gwaggonsa, ko yayarsa da ke zuwa makaranta, wata ta ɗauki aikin.

Akwai kuma wani amfani da ya shafi lafiya kai tsaye. Mai riƙe da yaro a cinya kullum ita ce za ta fara gane in akwai abin da ke damunsa. Ƙyanda takan taɓa ido, sanƙarau da mugunyar kunne sukan taɓa ji. In kin ga yana kai littafi har bakin hancinsa, ko yana karkata kai, ko ido guda ya kauce, ko akwai fari a ƙwayar idon, kada ki ɗiga masa kome. In ya kai shekara ɗaya da rabi ba ya nuna abu da yatsa, ko ba ya waiwayowa in an kira shi daga baya, ko ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, kada a ce miskilanci ne, ko a ce ubansa ma haka ya yi. A kai shi ƙaramin asibitin da ke kusa da ku, a gaya wa ma'aikacin lafiya abin da aka gani da lokacin da aka fara ganinsa. In ya ga abin ya fi ƙarfinsa zai ba ku takarda zuwa birni, Asibitin Yara na Hasiya Bayero kusa da gidan Sarki, ko Asibitin Murtala a wajen Ƙofar Mata. Ku tafi da sassafe, ku riƙe katin rigakafin yaron.