DARASI: YADDA GANSAKUKAR TEKU TAKE KARE KANTA

Ya ƴan'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi gansakuka, wato koren nan da muke gani a gefen Kogin Isa da tabkuna idan ruwa ya ja baya. Ƙasarmu Nijar ba ta da teku, amma kogin da ya ratsa Yamai can yake zubawa, a kudancin Najeriya, kuma kifin gwangwani da na ƙanƙara da muke saye daga can yake zuwa.

Ku sani, mafi yawan gansakukar teku ƙwayoyi ne ƙanana waɗanda ido ba ya gani sai da madubin bincike, amma kusan rabin iskar shaƙa da tsirran duniya suke fitarwa daga gare su take. Akwai wasu ƙananan dabbobi, dangin jatan lande, masu suna kofefod, waɗanda tsawon mafi yawansu bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Su ne suke kiwo a kanta kamar yadda tumaki suke kiwo a kan ciyawa, sa'an nan ƙananan kifaye su ci su, manya su ci ƙanana. Gansakuka ba ta da ƙaho balle farce, amma bincike ya tabbatar da cewa tana jin ƙanshin mai cinta a cikin ruwa, ta kuma shirya masa ta hanyoyi huɗu.

Ta farko ita ce dafi. A shekarar 2006, Erik Selander da abokan aikinsa na Jami'ar Gotenbag a ƙasar Suwidin suka zuba wata gansakuka mai suna Alexandrium tare da kofefod a ruwa ɗaya, suka raba su da rariya don kada su taɓa juna. Duk da haka dafinta ya ƙaru fiye da ninki biyu. A 2015 suka gano sinadarin da yake fita daga jikin dabbar, suka ga ɗan kaɗan daga cikinsa yana iya ninka dafin har sau 20.

Ta biyu sauya siffa. Wani iri mai suna Skeletonema yana rayuwa a jere kamar tasbaha. Da ya ji kofefod sai ya tsinke ya zama guntaye, domin dogon jeri ya fi sauƙin ganowa.

Ta uku haske. Wasu suna walƙiya da dare idan an taɓa su, sai mai kiwon ya firgita, ko kuma kifi ya hango shi ya haɗiye shi, tamkar mai gida ya yi kururuwar ɓarawo maƙwabta suka fito.

Ta huɗu rage zuriyar maƙiyi. A 1999 masu bincike a birnin Nafoli na Italiya suka nuna cewa wasu nau'o'i suna fitar da wani sinadari idan an tauna su, wanda yake hana yawancin ƙwan kofefod ƙyanƙyashewa.

Wannan al'amari bai tsaya ga ruwan gishiri ba. A 1993 an gano cewa Scenedesmus, gansakukar da ake samu a tabkunan duniya har da na Afirka, tana haɗuwa ƙwaya huɗu ko takwas idan ta ji mai cinta, har ta fi ƙarfin bakinsa.

To, ina fa'idar wannan gare mu? Tsakanin gansakuka da masu cinta akwai ma'auni: su suna rage ta, ita kuma tana taka musu burki, kifi ya sami abinci, masunci ya sami na cefane. Ƙazantar gari da takin zamani kuwa abinci ne gare ta. Idan suka yawaita a ruwa, kamar yadda kwatamin unguwanni yake bin kwarin Gunti Yena ya faɗa kogi, sai ta yi yawa, kuma sau da yawa irin da yake rinjaye shi ne mai dafi da dunƙulewa, wanda ƙananan dabbobin ba su iya ci. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botswana, hukumomin ƙasar suka ce dafin irin wannan koren ruwa ne sanadi.

Saboda haka, idan kun ga tabki ya yi kore mai kauri kamar an zuba fenti, musamman lokacin bazara, kada ku shayar da bisashe a ciki, kada ku bar yara su yi wanka, kuma ku sani tafasa ruwan ba ta kashe wannan dafi. Mu kuma daina mai da kogi juji, domin abin da na sama ya zubar shi na ƙasa yake sha, daga Yamai har Gaya.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani.