Amsar Tambaya: Tsakanin Artery da Vein

 Ka nemi a fayyace maka bambancin kalmomin Ingilishi biyu, artery da vein, alhali mu duka jijiya muke ce musu.

To, ka sani hukuncin yana ga alƙiblar da jini ya dosa. Duk jijiyar da ta ɗauko jini daga zuciya ta nufi gaɓoɓi, mai kauri domin jure ƙarfin bugu, wadda likita ke dafawa a wuyan hannunka, ita ce artery, Larabawa su ce shiryan. Wadda kuwa ke komo da shi zuciya sannu a hankali, wadda daga gare ta ake ɗibar jinin gwaji a asibiti, ita ce vein, wato warid.

Amma ina yi maka gargaɗi, kada ka bi masu cewa ta farko jini mai wadatar iska kaɗai take ɗauka, domin wadda ke zuwa huhu, hanyar da Ibn Nafis, likitan Alƙahira, ya bayyana tun ƙarni na 13, jinin da iskarsa ta ragu take kaiwa.