Darasi: Ɗamarar da ke Cikin Jiki

'Yan uwa mata, a ƙungiyoyin da nake zagayawa, in mace ta kasa kawo zubinta, sau da yawa ba rashin ciniki ba ne. Kwankwaso ne ya riƙe ta, kwana uku ba ta soya ƙosai ba. Shi ya sa yau za mu ɗan ajiye maganar asusu, mu yi ta jiki.

Ki ɗauki cikinki kamar randa. Murfinta wata tsoka ce mai faɗi a ƙarƙashin huhu, tana sauka in kin ja numfashi, ta koma sama in kin fitar. Gindinta tsokokin da ke tallafe da mafitsara da mahaifa ne. Jikin randar kuwa tsokar ciki ce ta can ciki, wadda ta zagaye ƙugu kamar ɗamara. Ukun nan in suka yi aiki tare, su ke tokare ƙashin baya. Ciki da haihuwa na sassauta su, balle haihuwa kusa-kusa. To, sai a ɗora jarka mai lita 25, kilo 25 ke nan ban da goyo, a kan bayan da ba shi da matokari.

Ga abin da nake koya wa mata. Kwanta rigingine a tabarma, ki tanƙwara gwiwoyi, hannu bisa cibiya. Ja numfashi ta hanci har cikin ya taso. Sai ki fitar a hankali ta baki kamar mai hura wuta, kina jan mara ciki, kina matse ƙasanki kamar mai riƙe fitsari. Kaɗan fa, ba da ƙarfin tsiya ba. Ki ƙirga biyar, ki saki. Sau goma da safe, sau goma da dare.

Kada ki danne numfashi. Mai danne shi tana yunƙuri, ƙasa ƙarfin yake tafiya, ya danni mafitsara da mahaifa. In kin saba, ki kai shi wurin aiki: za ki ɗaga tulu, ki durƙusa, ki jawo shi jikinki, kina fitar da numfashi kina miƙewa.

Ɗaure ciki da zane bayan haihuwa ban hana ba, wasu na jin daɗinsa, amma zane ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi.

Mai ciki da wadda aka yi wa aiki su tambayi ma'aikaciyar lafiya kafin su fara. In kuma ciwon baya ya zo da zazzaɓi, ko ƙafa ta mutu, ko fitsari ya soma zuba ba ki sani ba, ki bar motsa jikin nan, a tafi asibiti a ranar.