Darasi: Rumbun Waƙa Mai Girman Farce

Ya ku 'yan'uwa manoma, a yawon da muke yi wajen ƙungiyoyin gama kai na ƙasar Makoɗa, daga Koguna har kan hanyar Ɗambatta, mun ga samari da akwatin kiɗa wanda suka haɗa da hannunsu. Kayan haɗin ba yawa: ɗan allon lantarki mai karanta waƙoƙin MP3, da lasifikar tsohuwar rediyo, da batirin fitila mai caji, sai gwangwani ko duma da za a zuba su ciki. A rataye shi a reshe ran gayya, aiki ya yi daɗi. Amma sau da yawa akwatin yakan yi shiru, a ɗora wa yaron laifi, alhali laifin na ma'ajiyar waƙoƙin ne.

Manyanmu sun san kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963. Minti 90 yake ɗauka, rana ta lanƙwasa shi, zare ya harɗe. Abin da ya gaje shi shi ne katin da muke kira memori, wanda aka sa wa suna microSD a 2005. Tsawonsa milimita 15, faɗinsa 11. Akwai kuma filasha, amma ba mu ba da shawararta ga akwatin gona ba, gama tana leƙowa waje, da an buge ta sai bakin allon ya karye.

Mudun da ake auna cikin memori sunansa gigabait, a jikin kati ana rubuta GB. Ku riƙe wannan lissafi. Waƙar MP3 ta yau da kullum tana cin wajen megabait 1 a minti, gigabait 1 kuwa megabait 1,000 ne. Ashe kati mai 8 GB zai ɗauki fiye da awa 120, wato abin da kaset 80 za su ɗauka. Wace ƙungiya ce take da kiɗa da darussan noma da suka wuce haka?

Duk da haka idon mai saye kan babbar lamba yake faɗawa. A nan asarar take, ta hanya biyu.

Ta fari, yawancin ƙananan allunan nan masu araha ba sa karanta katin da ya wuce 32 GB. Dalili kuwa, kati daga 32 zuwa ƙasa yana zuwa da tsarin da ake kira FAT32, wanda allon ya sani. Na sama da haka da wani tsari yake zuwa, exFAT. Sai mutum ya kashe kuɗin tiyar gero da yawa a kan kati mai 64, ya sa, ko tari akwatin ba zai yi ba.

Ta biyu ta fi ciwo, ita ce jabu. Akwai katin da aka rubuta masa 64 ko 128, ko waya ma ta nuna haka, amma ainihin cikinsa ɗan kaɗan ne. Kamar rumbu ne da aka cika gindinsa da ƙasa. Ranar farko komai lafiya. Sa'ad da aka wuce ainihin cikinsa, sai abin da aka zuba ya riƙa lalacewa ba sanarwa, sunayen waƙoƙi suna nan, murya babu. Mu kanmu mun taɓa faɗawa wannan rami, muka rasa muryoyin dattawa da muka ɗauka suna bayanin irin gero da dawa na da. Biyu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya.

To, in za a aiki ɗan ƙungiya Kano, ko kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut, ya tafi da akwatin kansa. Ya nemi mai 8 ko 16 GB, ya sa a gwada a gabansa. In kati mai babbar lamba ya zo da kuɗin ƙarami, ya wuce. Ya karɓi rasit, ya yi sharaɗin mayarwa. Sa'an nan ya je wurin masu tura waƙa da kwamfuta, a cika katin taf, ya saurari na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Wannan gwaji yana cin lokaci, amma ba abin da yake tona asirin jabu kamarsa.

A gida kuma, kada a zare kati akwati yana kunne. Kada a taɓa haƙoransa masu ruwan zinariya da hannu mai gumi ko taki. Lokacin hunturu a liƙe bakin ramin da salatif saboda ƙura. Abin da ƙungiya ta ɗauka da kanta, wanda ba a sayar da shi a kasuwa, a juye shi a kati na biyu, a sa cikin kwalin ashana, a ba ma'aji ya haɗa da littafin kuɗi. In ya faɗi cikin rairayin tsakar gida, sai an ɗauko rariya.

A taronku mai zuwa, kowa ya zo da katinsa, magatakarda ya rubuta lambar da ke jikin kowanne da awa nawa ya ɗauka kafin ya fara ɓata.