Motar wasa mai zafi

Da ƙaramar salla wani yaro na Jiratawa ya samu motar wasa, irin wadda ake tuƙawa daga nesa. Kwana uku tana gudu cikin rairayi. A rana ta huɗu ta fara tafiya kamar hawainiya, cikinta ya yi zafi, tana warin roba. Wansa ya kai shi Maradi, wurin wani mai gyaran rediyo a bakin babbar kasuwa.

Mai gyara ya fara da cire pil. Pil huɗu ne, kowane bolt 1,5, duka bolt 6 ke nan. Ya juya ƙafafun motar da yatsa, ya ji sun cije.

— Yaro, ina kake wasa da ita?

— A ƙofar gida, Baba.

Ya buɗe ta. Rairayi da zare sun cika haƙoran da ke juya ƙafafu. In ƙafa ta cije, injin yana jan kuran da yawa, kuran kuwa in ya yi yawa zafi yake zama. Balle a watan Afrilu, lokacin da zafin Maradi da Tibiri yake wuce digiri 40 a inuwa. Ya share haƙoran da tsohon buroshi, ya ɗiga mai kaɗan.

Sai ya ga wata waya tana lilo. Dalmar da ta riƙe ta ta dunƙule kamar kashin akuya, ba ta ƙyalli. Irin wannan liƙi yana matse wa kuran hanya, wurin ya riƙa zafi.

Abin da masu gyara ke kira dalma gami ne: kashi 60 kuza, kashi 40 dalma, da ƙaro a tsakiya mai wanke tsatsa. Ana samun kuza a Elmeki cikin Abzin, da Jos a Najeriya. Ruwa yana tafasa a digiri 100, wannan gami kuwa sai wajen digiri 190 yake narkewa.

Mai gyara ya kankare bakin waya har jan ƙarfe ya fito fes. Ya goge kan ƙarfen liƙi da jiƙaƙƙen soso. Ya ɗora shi a kan waya da mazauninta tare, ya ƙirga uku, sannan ya taɓa dalma a jikin wayar, ba a jikin ƙarfen ba. Nan ne gwaninta take: waya ce za ta narkar da dalma. Dalma ta malale ta rufe wurin. Ya janye ƙarfe, bai hura ba, bai motsa ba, har ta daskare sumul. Wanda ya daɗe da ƙarfe a wurin, ya ƙona allon.

Ya maida pil, mota ta yi gudu. Ya ce wa yaron ya riƙa taɓa injin: in yatsa ya kasa jimrewa daƙiƙa biyar, a bar ta ta huce.

Kafin ya karɓi kuɗi sai da ya wanke hannu da sabulu. Dalma guba ce. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinariya cikin gidaje.

Tambayoyi

1. Me ya sa injin ya yi zafi?
2. Pil shida bolt nawa ke nan?
3. Yaya ake gane liƙi marar kyau?