Watan bakwai na wa? Darasi a kan kalanda

A kasuwar Tanut ko ta Belbeji, mutum uku suna iya cewa "watan bakwai", kowa da abin da yake nufi. Manomi yana nufin ƙarshen rani, lokacin sharar gona da duban gabas. Shi ne ake cewa: watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Liman yana nufin Rajab, watan azumin tsofaffi. Ma'aikacin gwamnati kuwa yana nufin Yuli. A shekarar 2025, watan bakwai na liman ya kama cikin sanyin Janairu, na manomi wajen Mayu, na gwamnati cikin damina.

Dukansu gaskiya suka faɗa, lissafin ne iri uku. Amma in aka ci bashin hatsi a kan za a biya watan bakwai, ba a ce na wa ba, to rigima tana nan tafe. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san inda kowane lissafi ya fito, da aikin da ya dace da shi.

Mene ne kalanda?

Kalanda, wadda wasu ke kira kalandiriye, tsari ne na jera kwanaki cikin mako da wata da shekara. Kalmar ta fito daga mutanen Rum na dā. Ranar farko ta kowane wata suna kiranta kalende, kuma a ranar ake biyan bashi. Ke nan tun asali kalanda da bashi tare suke tafiya.

Abu biyu mutane suka duba a sama don ƙirga lokaci: wata da rana.

Daga tsayuwar wata zuwa wata tsayuwar, kwana 29 ne da rabi. Shi ya sa wani wata yake yin 29, wani 30. Wata 12 suna ba da kwana 354.

Rana ita ce ke kawo damina da kaka da ɗari da bazara. Kafin waɗannan su zagayo, ana yin kwana 365 da wajen awa 6.

365 – 354 = 11

Wannan kwana 11 a riƙe shi da kyau. Shi ne tushen bambancin.

Daga Masar zuwa Rum

Wajen shekara 5000 da suka wuce, manoman Masar suna noma da ambaliyar kogin Nilu. Sun lura kogin yana cika sau ɗaya a shekara, kusa da lokacin da wani tauraro mai haske ke fitowa da asuba. Sai suka tsara shekara mai wata 12, kowane kwana 30, suka ƙara kwana 5 a ƙarshe. Jimla 365. Awa 6 ɗin nan kuwa ba su sa ta cikin lissafi ba.

Mutanen Rum da farko shekararsu daga Maris take farawa. Alamar haka tana nan har yau. A harshensu Satumba na nufin "na bakwai", Oktoba "na takwas", alhali yanzu su ne na tara da na goma. Ga wani watan bakwai ke nan, na huɗu.

Da lissafinsu ya rikice, shugabansu Yuliyus Kaisar ya gyara shi, gyaran ya fara aiki shekara 45 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya ce awa 6 sau huɗu kwana ɗaya ne, sai a ƙara wa Fabrairu kwana ɗaya duk shekara huɗu. Sunansa aka sa wa Yuli, na magajinsa Agustus aka sa wa Agusta.

Amma ragowar ba ta cika awa 6 cif ba, da saura minti 11. Minti 11 ba a bakin kome yake ba, sai dai a shekara 128 yana zama kwana guda. A hankali kalandar ta goce daga yanayi. A 1582 Paparoma Giregori na 13 ya sa aka tsallake kwana 10. Mutane suka kwanta ran Alhamis 4 ga Oktoba, suka tashi Juma'a 15 ga Oktoba. Aka kuma rage wasu shekaru masu ƙarin kwana: 1900 ba ta samu ƙari ba, 2000 ta samu. Faransa ta karɓi gyaran a 1582, Ingila sai 1752, Rasha sai 1918.

Wannan ita ce kalandar da ta shigo Nijar da zuwan Faransawa. Da ita ake aiki a ofis da lakwal da likita.

Janairu 31, Fabrairu 28 ko 29, Maris 31, Afrilu 30, Mayu 31, Yuni 30, Yuli 31, Agusta 31, Satumba 30, Oktoba 31, Nuwamba 30, Disamba 31.

Fabrairu ya yi kwana 29 a 2024, zai sake yi a 2028.

Kalandar Hijira

Masu tarihi sun ruwaito cewa an kawo wa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi takardar wani bashi, an rubuta za a biya a watan Sha'aban. Ya tambaya ko Sha'aban na bana ne, ko na bara, ko na baɗi. Ya tara sahabbai, aka yi shawara a dinga ƙirga shekaru daga hijirar Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, daga Makka zuwa Madina. Hijira ta faru a 622. An tsayar da lissafin a shekara ta 17 bayan hijira, wajen 638.

Wannan kalanda wata kaɗai take bi. Hausawa sun ba yawancin watanninta suna: Muharram watan cika-ciki, Rabi'ul Awwal watan Mauludi, Rajab azumin tsofaffi, Ramadan watan azumi, Shawwal ƙaramar salla, Zulƙida bawan salla, Zulhajji watan layya.

Da yake shekararta kwana 354 ce ko 355, kowace shekara watanninta suna matsowa da kwana 11. A shekara uku sun matso da fiye da wata guda. A shekara 33 sun zagaye damina da rani sun dawo inda suka tashi. Dattawa sun ga haka da idonsu:

1980, azumi ya fara cikin Yuli, ana noma.
2013, ya sake farawa cikin Yuli.
2020, ya fara cikin Afrilu, da zafin bazara.
2025, ya fara farkon Maris.

Bisa lissafi, a 2030 azumi zai kama sau biyu cikin shekarar gwamnati ɗaya, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba.

Wanda ya ce shukar watan azumi ta yi masa kyau a 2013, in ya bi watan azumi a 2025, cikin busasshiyar ƙasa zai zuba irinsa. Haka kuma tsoho mai shekara 66 a takardar gwamnati, a lissafin wata shekararsa 68.

Akwai wani bambanci kuma. A lissafin Musulunci kwana yana farawa da faɗuwar rana, shi ya sa daren Juma'a yake zuwa kafin yinin Juma'a. A lissafin gwamnati kwana yana canzawa ƙarfe 12 na dare. Jaririn da aka haifa bayan lisha ran Alhamis, a gida ɗan daren Juma'a ne, a takardar likita ɗan Alhamis.

Lissafin gona da na daji

Mutanen Damargu ba su jira takarda ba kafin su san lokaci. Manomi yana fara ƙirga watanninsa bayan kaka, har ya kai na bakwai. Yana duban taurarin nan da ake kira Kaza da ƴaƴanta, waɗanda Abzinawa ke kira Shat Ahad, wato ƴan matan dare. Da bazara sukan ɓace daga yamma, bayan ƴan makonni su fito gabas da asuba. Fitowarsu alama ce damina ta kusa.

Malamai kuma suna da lissafin taurari 28. Kowane tauraro kwana 13 ne, ɗaya yana da 14.

28 × 13 = 364
364 + 1 = 365

Ke nan lissafin taurari shekarar rana ce, ba ya gocewa daga damina. Nasara da Ɗarfa da Jabha kullum cikin damina suke kamawa. Tare da taurari malamai suna riƙe da watannin ajami. Su ne watannin Kaisar na kafin gyaran 1582, sun zo ta Arewacin Afirka cikin littattafai. Yau suna bayan na gwamnati da kwana 13. Ran 1 ga watan ajami ita ce 14 ga takwaransa na gwamnati.

Makiyayi ma yanayi yake bi. Ƙarshen damina, wajen Satumba, ake kai dabbobi lasar gishiri ƙasar Ingal. Wajen Oktoba ayarin raƙuma ke tashi daga Abzin zuwa Fashi da Bilma, daga baya ya gangaro kudu da gishiri da dabino don neman hatsi.

Shekaru kuwa da suna ake tuna su. Yunwar Kakalaba ita ce 1913 zuwa 1914. Yaƙin Kawsan 1916 zuwa 1917. Samun mulkin kai 1960. Babban fari 1973 zuwa 1974, da na 1984. Masu ƙidayar jama'a, irin ta 1977 da 1988 da 2001 da 2012, da irin waɗannan abubuwa ake taimaka musu su gane shekarun wanda ba shi da takarda. Sunan mutum ma yana ba da labari: Ladi da Talatu da Jummai suna nuna rana, Anaruwa da Marka suna nuna damina. Sai dai suna ba ya faɗin shekara.

A wasu ƙasashe

Habasha tana da wata 13: goma sha biyu masu kwana 30, ɗaya mai kwana 5 ko 6. Shekararta tana farawa cikin Satumba, kuma tana bayan ta gwamnati da shekara 7 zuwa 8. Iran tana ƙirga shekaru daga hijira amma da lissafin rana, sabuwar shekararta cikin Maris. Mutanen Sin, waɗanda aka gina matatar mai ta SORAZ da su a gundumar Tanut, aka buɗe ta a 2011, suna da kalandar gargajiya mai bin wata. Duk shekara biyu ko uku sukan ƙara wata na 13 don cike kwana 11 ɗin nan, shi ya sa bikin sabuwar shekararsu ba ya fita daga Janairu ko Fabrairu. A kudancin Nijeriya, makon gargajiya na Ibo kwana huɗu ne, da shi kasuwanninsu ke ci.

Yau ana samun kalanda a bango, a littafin aljihu, a agogo da salula. Da yawa suna ɗauke da kwanan gwamnati da na Hijira tare. Kwanan Hijira da aka buga lissafi ne kurum, yana iya saɓawa da kwana ɗaya. Azumi da salla sai an ga wata an yi sanarwa.

Wane lissafi ga wane aiki?

Azumi, salla, layya, hajji, zakkar dukiya, idda da takaba: lissafin Hijira.

Shuka, noma, girbi da dashen itace: lissafin rana. Daminar Damargu gajera ce, galibin ruwanta tsakanin Yuli da Satumba yake sauka. Shi ya sa ranar dashen itatuwa, 3 ga Agusta, wadda ake yi tun 1975, kullum take samun ƙasa da laima.

Takardar haihuwa, rigakafin yara, awon ciki, shiga lakwal, haraji, bashin kwaperatif ko na bankin cimaka: kalandar gwamnati. Haihuwa tana da wa'adin da ake kai sanarwarta. Wanda ya bari ya wuce, sai ya bi ta hannun alƙali kafin yaro ya samu takarda.

Bashi tsakanin mutum biyu: a zaɓi lissafi ɗaya, a faɗe shi gaban shaidu, a rubuta. Alkawarin shekara guda a lissafin wata yana cika kwana 11 kafin na gwamnati. In wajen kaka ne, kwana 11 suna iya raba mai hatsi a rumbu da wanda hatsinsa ke tsaye a gona.

Ga yadda ake rubuta kwanan wata: rana, wata, shekara. 15-7-2025 na nufin 15 ga Yuli, 2025. Duk 7 da aka gani a tsakiya cikin takardar ofis ko katin likita, Yuli ne.

Tambayoyi da aiki

1. Kwana nawa ne tsakanin shekarar wata da shekarar rana?
2. In layya ta kama 17 ga Yuni a wata shekara, wajen yaushe za ta kama shekara mai bi mata?
3. Mace ta kai ɗanta rigakafi 20-8, aka ce ta dawo bayan kwana 28. Wace rana za ta koma?
4. Don me manomi ba zai dogara da watan azumi ba wajen shuka?
5. Kowace cibiya ta tambayi dattawan garinta sunayen shekarun da suke tunawa. A jera su a allo, a nemi lambar kowace shekara, a kwafe a littafi a ajiye wurin mai gari.
6. Kowane mai karatu ya samu littafi ɗaya a gida. Ranar haihuwa, ranar ruwan shuka da ranar cin bashi, a rubuta su da kwanan gwamnati da na Hijira gefe da gefe.